Sunan da Na Ara a Rumbu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon gwiwa? Ki gaida mijinki, ki ce har nan ina jin minsharinsa.

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kin san aikin rubuta manhaja da maigida ya koya mini. Harshen da muke rubutu da shi yana da rumbun umarni, kowanne da sunansa. Sai na ari sunan umarnin da ke buga rubutu na laƙa wa wani da na rubuta da kaina, don in Dogo, babban ma'aikacinmu, ya taɓa kwamfuta ta ce masa, "Tashi, sarkin barci!" Ashe aikin nan za a kai wa mai saye.

Maigida ya ce littafin dokokin harshen ne zai yanke. In ya hana, in tattara kayana, takardar zamana a ƙasar nan kuwa a kan aikin take. Dogo ya ce sunan na rumbu ne, haramun. Abokin aikinsa Mai Gilashi ya ce tunda ban kira fayil ɗin da ke shelar sunan a saman shafi ba, halal. Suna ta ja a kan layi ɗaya na littafin, ni ko baƙi ban iya fassarawa. Da allo ne, da na kare kaina.

Kada Inna ta ji, ki roƙa mini addu'arta kawai. A sa har da Mai Gilashi a addu'ar, don bai san ni na zuba masa gishiri a shayi ba. Dogo kuwa ya sani.

Ƙanenki,
Autan Inna