Ciwon Lawali ko Hagun Matiyu

Lokuwa, Mubi
Disamba, 2015

Aminina Jibrilla,

Gaisuwa mai yawa gare ka, da Aisatu da yara. Yaya zaman Yola? Mu nan sai godiya ga Allah, an girbe dawa, kasuwa ta fara cika.

Ka zauna kafin ka karanta. Ranar Asabar aka buɗe filin dambe, karo na farko tun da 'yan bindiga suka kore mu daga garin nan bara. Ɗana Matiyu ya shiga da Lawali ɗan ƙanenka, wanda kai ka koya masa ɗaurin hannu. Jibrilla, ko turmi na biyu ba a kai ba! Duk naushin da Lawali ya kai, iska ya daka. Matiyu ya goce, ya zuba masa hagu ɗaya a muƙamuƙi, sai ga Lawali zaune a ƙasa yana kallon mutane kamar bai san su ba. 'Yan uwanmu na ƙauyen Vimtim suka ɗaga Matiyu a kafaɗa har bakin titi. Mamarsa da ta rantse ba za ta kalla ba, ita ta fi kowa guɗa.

Kada ka damu, Lawali lafiyarsa ƙalau, washegari ma a gidanmu ya ci tuwo. Ka dawo gida mana. Rumfarka ta nama tana nan, kowa yana tambayarka.

Naka har kullum,
Vandi

*

Jimeta, Yola
Disamba, 2015

Zuwa ga Vandi, baban Matiyu,

Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso. Allah Ya ƙara wa yaro ƙarfi.

Sai dai direban da ya kawo ta ya gaya mini abin da ka tsallake. A makon damben, bijimi ya fizge igiya a hannun Lawali a kasuwar shanu, hannun ya kumbura. Don me ba ka rubuta wannan ba? Tun da yaron nan ya fara dambe, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Matiyu yaron kirki ne, amma manomi ne. Bijimi ne ya kada Lawali, ɗanka ya zo ya tarar da aiki a game. Haka na gaya wa direban, haka nake gaya maka.

Maganar dawowa kuwa, ka bar ta. Har yanzu in na rufe ido ina ganin hanyar dutsen da muka bi, Aisatu na goye da yaro, muna jin harbi a baya. Ƙafata ba ta yarda ba tukuna.

Ka huta lafiya.
Jibrilla

*

Lokuwa, Mubi
Janairu, 2016

Jibrilla,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Maganar da ka gaya wa direba ta riga takardarka isowa. Yanzu duk teburin mai shayi ana cewa Matiyu majinyaci ya doka. Sarkin dambe da ya yi niyyar kai shi wasan Kano ya ce zai sake tunani. Yaron ya daina cin abinci sosai.

Wane hannu ne ya kumbura? Na hagu! Lawali kuma da dama yake naushi. Hannun naushinsa lafiya lau, kawai bai samu abin da zai doka ba. Kai kana Yola ba ka ga Matiyu ba. Tun da muka dawo muka tarar an ƙone mana rumbu, kullum in ya tashi daga gona sai ya gangara bakin rafi ya cika buhu da yashi ya yi ta duka. Wannan ma bijimi ne?

Jiya ya je wurin Lawali da kansa, a gabana. Ya ce, "Yaya Lawali, in ka warke mu sake." Lawali ya yi dariya ya ce, "Hannuna ya yi ciwo, ba ƙarya. Amma wallahi ban ga inda naushinka ya fito ba. Mu sake, ina so in gani."

An sa damben ƙarshen wata. Ka zo ka duba hannun da idonka, ka ɗaure masa da kanka, don kada gobe ka ce sauro ne ya cije shi.

Abokinka duk da haka,
Vandi

*

Jimeta, Yola
Janairu, 2016

Vandi,

Ina amsa gaisuwa. Ashe har yau ba ka san dambe ba. Hannun hagu shi ne garkuwa, in ya kumbura da me mutum zai tare fuskarsa? Amma ban yi nufin hana yaro abinci ba, ka ce masa ya ci. Zan zo. Kwana ɗaya zan yi in juyo.

Wassalam,
Jibrilla

*

Mubi
Janairu, 2016

Aisatu,

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya, ki gai da yara.

Na matsa hannun Lawali yatsa bayan yatsa, babu ciwo, ni na ɗaure masa. A turmin farko ya tare naushi biyu, ya sakar wa Matiyu ɗaya a ƙirji, fili ya ɗauki ihu. A na biyu hagun nan ya zo. Ina tsaye dab da su, ni ma ban gan shi ba, faɗuwar kawai na gani. Lawali ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya kama hannun Matiyu ya ɗaga sama. Sarkin dambe ya ce su biyun zai kai Kano. Ban san lokacin da na rungume Vandi muna tsalle kamar yara ba.

Aisatu, fili ya cika maƙil, kalangu na tashi, mata na guɗa, kuma babu mai waiwaye don tsoro. Ki haɗa kaya. Lawali zai zo da mota ranar Juma'a ya kwaso ku, ni gobe zan share rumfa.

Ga Vandi tsaye a kaina, wai sai na rubuta na janye maganata. Damben farko dai ciwo ne. Na biyu kam na ba Matiyu.

Mijinki,
Jibrilla