Janwe a Ƙofar Shagon Aski

Daga Lauya zuwa ga Auta

Malama, assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya.

An yi wa tsohon mijinki aiki a ƙafar dama yau da safe, yayanki kuma yana tsare a hannun 'yan sanda. Tuhumar da suka rubuta ita ce satar yarinya da jikkata mutum. Wayarki a kashe take, shagon ɗinkinki a rufe, shi ya sa na ba maƙwabciyarki saƙon nan.

Bari in tuna miki inda muka tsaya. Kotu ta ba ki riƙon 'yarki, ta yarda ubanta ya riƙa ɗaukarta a ƙarshen mako. Ya ɗauke ta, ya ƙi dawo da ita. Da kika je tambaya ya fasa miki leɓe a ƙofar gidansa, rahoton asibiti yana hannuna. Na shigar da ƙara cewa ya raina umarnin kotu, an kai masa sammaci, an sa mana rana. Da wuya in tuna shari'ar da ta fi wannan sauƙi a hannuna. Yanzu lauyansa ya sami abin faɗa.

'Yan sanda sun ce ba su san inda yarinyar take ba. Ina zaton ke kin sani. In tana wurinki, ki kawo ta ofishina mu kai ta kotu tare, tun ba a zo nemanta ba.

Ki huta lafiya.
Lauyarki

Daga Auta zuwa ga Lauya

Ranki ya daɗe, wa'alaikumus salam. Ya aiki, ya haƙuri da mu?

Tana wurina. Inda muke kuwa, ki yi haƙuri, ba zan rubuta ba. Yaya ne ya shigo da ita shago a kafaɗa, rigarsa duk jini, ya kwantar da ita a kan teburin yankan yadi, ya ce in duba goshinta. Daga nan ya tafi caji ofis da ƙafarsa. Goshin ya tsage, an ɗinke shi. Ta rame, kanta ba a taɓa shi ba tun da ta bar hannuna. Ba ta magana. In mota ta wuce sai ta shige ƙarƙashin gado.

Kin ce in kawo ta. Ranar da na je caji ofis da takardar kotu a hannu, leɓena a kumbure, ɗan sandan da ke kan tebur ya karanta ya miƙo mini abata, ya ce maganar iyali ce, uba ba ya satar ɗansa, mu je mu sasanta. Yau ga kawu ya zama ɓarawo, kuma ƙafafun 'yan sanda sun warke har suna neman yarinya. Ke kika ce in bi doka, na bi, na jira kamar mai jiran gawon shanu. Yanzu tana barci a cinyata ki ce in miƙa ta?

Ban aiki Yaya ba. Na dai yi kuka a gabansa, shi kuwa shi ya rene ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya tambaye ni ko har yanzu Dillali, haka yake kiran tsohon mijina, yana aski a shagon nan na bakin titi. Na ce e. Iyakar abin da na ce ke nan.

Allah ya saka miki da alheri.
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta, ina gaishe ki da kyau, ki shafa mini kan 'yarki, uwata. An kawo ni gidan yari, lafiyata ƙalau in ban da haƙarƙari. Lauyarki ta zo, ita za ta ba maƙwabciyarki wannan. Matar nan ba ta dariya, amma ta san abin da take yi.

Ki ji yadda aka yi daga bakina. Ni mota na je ɗauka. A sana'armu ta janwe na koyi cewa mutum zai iya yi wa alƙali kunnen ƙashi, amma ɗauke motarsa ka gani, kafin la'asar yana gabanka yana kiranka ranka ya daɗe. Na ce in motar Dillali ta kwana a garejina, shi da kansa zai kawo yarinya ya karɓi abarsa. Na ɗauki Dogo, abokin aikina, muka je da rana tsaka. Motar tana gaban shagon aski, gilasanta baƙaƙe, a rufe ruf. Mu ƙafafun mota muke dubawa, da inda ƙugiya za ta kama. Dogo ya maƙala sarƙa, ya hau baya, na ɗaga na taka wuta.

Dillali ya fito da gudu, zanen aski a wuyansa, rabin kai a aske. Ya kama hannun ƙofar motarsa yana ihu. Auta, na ji abin da ya ce. Cewa yake, "'Yata tana ciki." Amma tun da na fara aikin nan ban taɓa jan motar da mai ita bai ce akwai abu a ciki ba. Wani ya ce maganin tsohuwarsa, wani ya ce takardun ofis, akwai wanda ya rantse mini matarsa na naƙuda a kujerar baya, da muka buɗe buhun siminti ne. Ƙa'idarmu ita ce in ka ɗaga ba ka tsayawa, ba ka kallon madubi. Har dariya na yi, na ce wannan ƙaryar tasa ta fi ta kowa rainin hankali.

Daga baya na ji cewa bai saki ƙofar ba. Motar ta ja shi a kan kwalta har kwanar gidan mai. A kwanar hannunsa ya kuɓuce, tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa. Na ji motar ta ɗan yi tsalle, na ɗauka rami ne. Mutane suka taso suna ihun ɓarayin yara. Dutse ya fasa mini gilashin gaba. Suka fizgo Dogo daga baya, suka rufe shi da itace da ƙarfen taya, da ƙyar masu gidan man suka ƙwace shi. An ce idonsa na hagu ya tafi. Yana da 'ya'ya, kuma bai san komai ba sai cewa aiki za mu je.

A gareji na ɓalle ƙofar. Tana ƙasa tsakanin kujeru, jiƙe da gumi, jini ya rufe mata ido. Cikin motar kamar tanda. Ta kalle ni ba ta ce Kawu ba.

Ki ji maganar lauyar nan. Ni na yi tawa dabarar, kin ga inda ta kai mu.

Ki gaida mutanen gida.
Yayanki

Daga Lauya zuwa ga Auta

Malama, bayan gaisuwa da fatan jikin yarinya da sauƙi.

Abin da ɗan sandan nan ya yi miki ba daidai ba ne, kuma na sa shi a bayanin da zan gabatar. Sai dai ba shi ne a gabanmu yau ba. Likitoci sun yanke ƙafar tsohon mijinki daga ƙasan gwiwa. Mahaifiyarsa ta nemi kotu ta ba ta riƙon jikarta, hujjarta ita ce gidanku gidan tashin hankali ne. Alƙali ya ba da umarni a gabatar da yarinyar gabansa. In 'yan sanda ne suka nemo ta, kin zama mai saɓa umarnin kotu kamar yadda ubanta ya zama, kuma ba ni da bakin kare ki.

Ba zan yi miki romon baka ba. In kin kawo ta, ba za ki koma gida da ita ranar ba. Za a ba jami'ar kula da yara ita har a gama bincike. Amma muna da abin riƙewa. Mai askin ya yarda zai ba da shaida cewa uban ya saba kulle ta a mota da rana yana aski, har ya taɓa yi masa magana a kai. Zancen shagon askin da kika yi da yayanki kuma, ke za ki fara faɗa wa alƙali, kafin lauyansu ya tono shi.

Ki zo ke da yarinyar kaɗai. Duk abin da danginsa za su yi, hannunki ya zauna a jikinki.

Na bar ki lafiya.
Lauyarki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya, barka da haƙuri. Ya haƙarƙarin? Na je na duba Dogo, matarsa ba ta amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba.

Na kai ta. Na yi mata kitso, na sa mata rigar da na ɗinka tana wurin ubanta. A barandar kotu ƙanin Dillali ya tare mu. Ya shaƙe ni ya buga kaina da bango, ɗinkin leɓena ya sake buɗewa. Almakashina yana cikin jaka, na ji nauyinsa a cinyata. Na haɗa hannuwana a baya na riƙe, har masu gadi suka ɓamɓare shi. Lauya ta ce wa magatakarda ya rubuta sunayen waɗanda suka gani, ta miƙo mini hankici, ta ce kada in goge jinin sai alƙali ya gani.

Na faɗa masa komai, har tambayar da ka yi mini. Ya daɗe yana rubutu. Sai jami'ar ta zo, wata dattijuwa mai sanyin murya. Uwarka ta cusa yatsunta cikin mayafina, sai ɗaya bayan ɗaya aka cire su. A bakin ƙofa ta yi maganarta ta farko tun ranar. Ta ce, "Mama, ki ce musu kada su rufe gilashi."

Na koma shago. Keke yana nan, ban iya taka shi ba tukuna.

Allah ya fito da kai.
Ƙanwarka

Daga Lauya zuwa ga Auta

Malama, ina gaisuwa.

Mai askin ya ba da shaida, jami'ar ta miƙa rahotonta. An ƙi belin yayanki. Magatakarda ya gaya mini da baki cewa alƙali ya ƙi roƙon kakar, ya ce a mayar miki da yarinyar ranar Alhamis, riƙo na wucin gadi. Kada ki gaya wa kowa. Takardar umarnin ba ta fito ba tukuna, kuma ban ga sa hannunsa ba.

Lauyarki