Saƙon Umma da na kasa buɗewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ku ba ni shawara don girman Allah.

Wata takwas da zuwana London, muna Catford ni da maigidana, shi nurse ne a wani asibiti a Whitechapel. Ban san kowa ba sosai, waya ce abokiyar hirata, kullum sai mun yi video call da Ummata a Kano. Ranar wata Talata ina mata kukan kaɗaici, na ce ina so in zo gida ko na wata ɗaya ne, ta ce in yi haƙuri in zauna ɗakina, ba a yin aure da ƙafa ɗaya a waje. Raina ya ɓaci. Tana cikin magana na ce, "Umma ba na jin ki, network ne," na kashe. Wallahi ras nake jin ta. Ban taɓa yi mata haka ba.

To a satin ne maigidana ya canza mana kamfanin wifi, wai wani sabo ya shigo unguwar da sauƙi, kuma gwamnati ta sa dokar da ta sa canzawa ba wuya. Tsohon ya yanke ranar Laraba, sabon bai zo ya haɗa ba. Na koma kan datar wayata, ita kuma tana da iyaka, in ta ƙare tsayawa take cak. Sun turo min text cewa ta kusa ƙarewa, na gani, na ci gaba da kallon bidiyon girki har ta ƙare da yamma. Da na gaya wa maigidana, da ya ƙara min a minti ɗaya. Ban gaya masa ba, a raina na ce bari Umma ta neme ni ta rasa, ta ji yadda nake ji.

Ranar Alhamis ya fita aiki tun asuba, wayarsa tana locker in yana ward. Ni ina gida har da yin cincin. Da magariba ya shigo bai cire takalmi ba, ya ce in zauna. Umma ta yanke jiki ta faɗi da hantsi, ta rasu bayan azahar, an kai ta kafin la'asar.

Da ya haɗa min hotspot ɗinsa saƙonni suka dinga shigowa. Missed call goma sha ɗaya na Yayana, babban wanmu. Sama da su akwai voice note daga wayar Umma, ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar, tsawonsa minti biyu da sakan arba'in. Ita da kanta ta yi shi kafin ta faɗi.

Har yau ban buɗe ba. Ina tsoron in ji ta ce na ɓata mata rai, ya zama shi ne maganarta ta ƙarshe a kaina, ba kuma inda zan same ta in ce ta yafe min. In kuma cewa ta yi, "Auta, network ɗin ya gyaru?" ban san yadda zan ɗauka ba, don ta yarda da ƙaryata ke nan.

Kowa kamfanin yake zagi. Yaya ya ce Allah ya isa tsakaninsa da su, maigidana ya kira su ya yi ta faɗa, suka ba da haƙuri, wai doka ta ce su biya mu kwanakin da suka yi jinkiri. Har kuka ya yi yana cewa shi ya jawo da ya canza.

Jiya Yaya ya ce wayar Umma tana hannunsa, ya ga saƙon bai nuna na saurara ba, me nake jira? Ya ce shi bai taɓa shi ba, nawa ne, amma in na kasa zai saurara ya gaya min. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Juma'a.

'Yan uwa in buɗe ni kaɗai, ko in bari Yaya ya fara ji? Kuma in gaya wa maigidana gaskiya ya daina ɗora wa kansa? Wanda ya san hukuncin wadda ta yi wa mahaifiyarta ƙarya ba ta samu ta nemi yafiya ba, ya gaya min ko da mai zafi ne. Jibi ne Juma'ar.