Tate Zai Zauna a Benci

Yaya Lorene,

Wata goma sha huɗu rabona da gida, jihar Jojiya. Ina gaisuwa. Yaya jikin Mama? Ni lafiya lau, sai iskar Nebraska da ba ta hutawa.

Salon ƙwallon Amurka, wanda ake riƙewa a hannu, da nake koya wa 'yan sakandaren nan ba wuya. Da gangan muke barin mai tsaro ɗaya na abokan karawa ba a tare shi ba. In ya nufo mai raba mana ƙwallo, sai mai rabawar ya sakar wa na bayansa. In ya nufi na bayan, sai mai rabawar ya riƙe ya ruga da kansa.

Colby ke raba mana, idonsa ya fi na kowa. Amma na bayansa ƙanensa ne, Tate, kuma tun da aka buge Tate a ka bai ƙara sakar masa ba. Abokan karawa sun gane, Colby suke ta dannewa.

Na ce wa Colby, "Kai makaho ne?"

Ya ce, "Ina gani sarai, Koci. In ya sake faɗuwa, kai za ka gaya wa babarmu?"

Na so in zage shi, na kasa. Likita ya ce Tate zai iya komawa wasa, amma ni ma na ga yadda haske ke damun idonsa.

Hukumar makaranta ta ce in muka sha kashi ran Juma'a, in tattara kayana. Babu mai gudu kamar Tate, amma na yanke a benci zai zauna.

Kada ki gaya wa Mama tukuna, ki dai share ɗakin baya. Allah ya bar mu tare.

Abin da na tara bana: nasara biyu, faɗuwa biyar, yara ashirin da uku, kowa na tafiya da ƙafarsa.

Ƙanenki,
Harlan