Tabon da Likita Ya Gani a Zuciyata

Zuwa ga Latifa, sanyin idona, ruwan farko a kan jigawar Cadawa, inuwar gawona a tsakiyar rani, ke da in an ambaci sunanki nake manta alli na hannuna!

Gaisuwa mai yawa. Daga gadon asibiti a Maraɗi nake rubuto miki, ki yafe wa mushen lakol, malamin makaranta, karkataccen rubutu. A gaban aji na faɗi. Wani abu ya danne mini ƙirji kamar an aza mini buhun hatsi, gumi ya karyo, hannun hagu ya yi sanyi. Yayana Hashimu ya sako ni mota. Likita ya ce kafin mu iso, jijiyar da ke shayar da zuciyata ta daɗe a toshe, wani yanki na namanta ya mutu.

Kin tuna ranar da na raka ki tashar Agiye za ki koma jami'a a Yamai, motar ta ƙi cika? Muka zauna kusa da mai ƙosai, na ce sai kin faɗa mini wane irin karatu ne ke ƙwace mini ke. Kika tsinci kara kina zane a ƙasa. Kika ce idan ƙwayoyin naman zuciya suka rasa iskar da jini ke kawo musu, ba haka kawai suke mutuwa ba. Jiki na sakin wasu ƴan mitsitsin saƙonni da kuke kira peptid, wasu su sa ƙwayar ta daure, wasu su sa ta kashe kanta, ke kuma kina neman yadda za a ƙarfafa masu sa dauriya. Na ce, "To tawa fa, wane saƙo kike aiko mata?" Kika ja gyale kika rufe fuska. Wayyo, kyan idon nan, kamar wata ya leƙo ta bayan rumbu! Shi ya ɗauke mini hankali har ban auna ƙarshen maganarki ba, cewa ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa, tabo ne ke zama a gurbinta.

Na tambayi likita maganin da kike nema. Ya ce yana can ɗakunan bincike tukuna, kuma ko ya iso, abin da ke da sauran rai zai ceta. Ya ke zumata, ina amfanin damina ga hatsin da ya riga ya ƙone? Me ya sa ciwon bai jira ki ba?

Baffanki ya zo dubiya. Ya yi mini addu'a mai tsawo, Allah Ya saka masa, amma bai ambaci ranar da aka sa mana bayan kaka ba, ni ma ban iya ɗaga ido ba. Ban ga laifinsa ba. Wa zai ba da ɗiyarsa ga wanda daga gado zuwa buta sai ya tsaya haki? Ɗakin da na shafe miki yana nan a rufe, Inna ta daina kallon ƙofarsa.

Kada ki baro aikinki saboda ni, akwai wani mai irin ciwona yana tafe a bayana wanda zai riski maganin. In Baffa ya ce a fasa, kada ki ja da shi. Amma don Allah ki zo sau ɗaya, ko a bakin ƙofa ki tsaya, in gan ki tun ina iya tashi zaune.

Likita ya hana ni gishiri, ya hana ni noma da hawan babur da duk abin da ke sa zuciya bugawa da ƙarfi. Na bar su duka. Ke kaɗai ce ban faɗa masa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Naki har ranar da za a miƙa ni,
Munir