Kukan Mahaifina Ba na Wasa Ba Ne

Shafa'atu Mamuda,
Pauwa, Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara.
5 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Gidan Rediyon Sautin Gona.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHARHIN DA AKA YI WA MAHAIFINA A SHIRIN "FAIFAN JIYA DA YAU"

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi kamar haka:

1. A ranar Lahadi, 14 ga Janairu, mai gabatar da shirin, Malam Mas'ud, ya yi nazarin wani fim da aka ɗauka a garinmu. Ya ce tsohon da ke kuka a bakin rumbu ya cika wasan da yawa, wai 'yan wasan zamanin da sukan motsa zuciya ba tare da hawaye ba, wannan kuwa da alama man zafi aka shafa masa a ido. Har ya yi dariya. Tsohon nan mahaifina ne, Malam Mamuda.

2. Mahaifina manomi ne, bai taɓa zama ya kalli fim ba. Da kakar 2022 masu fim suka roƙe shi ya zauna a bakin rumbunsa, ya dubi hanya kamar mai jiran wani. Wannan hanyar ce yayana Salihu ya bi zuwa kasuwar Yankara a watan Agusta, 2021, kuma har yau babu shi babu labarinsa. Ba wanda ya ce Baba ya yi kuka. Shekara guda yana dannewa saboda mu, ranar ce kawai ya kasa, su kuma ba su kashe kyamara ba.

3. Baba ya ji sharhin da kunnensa, cikin abokan zamansa a ƙofar gida. Yanzu matasa na kiransa jarumi idan ya wuce. Ya daina fita majalisa. Ya tambaye ni a hankali ko kukan nasa ne bai yi daidai ba.

Ban musa ilimin Malam Mas'ud ba, ya san fim fiye da ni nesa. Amma bai tambayi kowa ba kafin ya yanke hukunci, kuma abin ya yi mana ciwo ƙwarai.

Saboda haka ina roƙon a gyara maganar a cikin shirin, a faɗa wa masu sauraro cewa hawayen na gaskiya ne. Tunda kuma muryarku tana kaiwa Faskari da Sabuwa har gaba, a taimaka a ambaci sunan Salihu Mamuda, dogo, mai tabo a girar hagu. Wataƙila cikin waɗanda suka yi dariya akwai wanda ya taɓa ganinsa.

Allah ya ƙara girma.

Taku cikin biyayya,
Shafa'atu Mamuda