Ni Na Goge Kalmomin Malam Sani

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

A ƙarshen mulkin soja muna da wata 'yar ƙungiya a Sama Road, nan Sakkwato. Manhajar rubutu ta kwamfuta, ta kyauta, muke aiki da ita, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya yi mata ƙari. Muka shirya tara duk ƙarin da muka yi wuri ɗaya, muka kira shi Rumbu, ba mai biyan kowa, ni aka ba ajiyar faifan kwamfutar da muke tarawa a ciki. Akwai wani dattijo a cikinmu, Malam Sani, malamin makaranta daga Tudun Wada. Shi ya yi ƙarin da ke duba kuskuren rubutu, ya cika shi da kalmominmu na Sakkwatanci da ya yi shekaru yana tarawa a bakin tsofaffi. Ya ba ni faifai ɗaya tal, ya ce, "Ɗana, riƙe wanga da kyau, ba ni da wani."

To ni a Kano na yi karatu, an sha yi mini dariya in na buɗe baki saboda Sakkwatancina. Ina buɗe faifan na ga "hwari", "tahi", "shina", sai kunya ta kama ni. Haka za mu kai wa duniya? Na zauna na mayar da su Kananci, kalmar da ban san ta ba na goge, na adana a kan nasa. Da ya tambaya na ce bairos, cutar kwamfuta, ne ya ci. Sai ya ce, "Allah ya ƙaddara, kada ka damu kanka." Wallahi shi ya riƙa ba ni haƙuri!

Ya rasu. Yanzu ana shirin tayar da Rumbu a intanet, 'yarsa Hadiza ke jagora, ni suka zaɓa mai tantance duk ƙarin da za a shigar, wai don amanata. Jiya ta ce, "Baba, ko kalma goma ka tuna daga na mahaifina, da su za mu buɗe."

Na tuna fiye da goma, ai ni na goge su ɗaya bayan ɗaya. In faɗa mata gaskiya ta daina kirana Baba? Ko in karɓi kujerar tantancewar in yi shiru? Jama'a, me zan yi? Kai, bari in faɗa da bakinmu: mi za ni yi?